Bambar Faiba da Ta Tsage Ba Tare da Karo Ba: Nazarin Wata Honda a Kano

Motar Honda Accord ce ƙirar 2007, irin wadda ake kira DC a kasuwar motoci. Mai ita ɗan yayata ne, ma'aikaci a Kano, kuma ita kaɗai gare shi: da ita yake zuwa aiki, da ita yake kai yara makaranta. Bambarta ta asali ta yage ne a wani ɗan karo a mahaɗar titi, yagewar da ta wuce gyara. Ya zaga Ƙofar Ruwa neman ta tokumbo, ya tarar kuɗinta ya yi sama, yadda kayan gyara duka suka yi tun bayan da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023. Sai aka nuna masa wata bambar faiba da ake zubawa a nan gida, mai dogon leɓe da ya sauko ƙasa irin na motocin tsere. Ta fi araha, kuma shi da bakinsa ya ce ta burge shi. Aka yi mata baƙin fenti, aka ɗaura.

Kafin damina ta ɗauke, bambar ta tsage a wuri uku. Bai bugi kowa ba, ba wanda ya buge shi. Abin da ya sa na ga lamarin ya isa a tsaya a kansa ke nan, domin yawancin masu tambayar yadda za su kare bambar faiba hankalinsu yana kan ɗan adaidaita sahun da zai goge su a gosulo. A wannan motar kuwa, biyu daga cikin tsagar an jawo su ne tun ranar ɗauri, ta ukun kuma ƙofar gidan mai motar ce ta yi ta.

Faiba ba roba ba ce

Bambar da kamfani ke ɗaura wa irin wannan mota roba ce, galibi folifurofilin. In ka juya bayanta za ka ga an buga haruffan PP a jiki. Halinta lanƙwasa. A danna ta ta loɓa, a sake ta ta dawo, in ta ƙi dawowa a kwara mata ruwan zafi a turo ta daga ciki. In ta yage, mai gyaran bodi zai narka bakin yagar da ƙarfe mai zafi ya haɗe, wani lokaci har ya nutsa 'yar waya a ciki don ƙarin riƙo.

Faiba daban take. Siraran zaren gilashi ne aka barbaza aka yi tabarma da su, a shimfiɗa a cikin mol, wato mazubin da ke ba ta siffa, a jiƙa da rezin, wani ruwa mai danƙo, da aka ɗiga wa maganin daskarwa. In ya daskare shi ke nan, wuta ba ta sake narka shi, sai dai ta ƙona shi. Daga waje akwai wani ɓawo mai santsi da ake fara shafawa a mol kafin a sa zaren, shi ake kira jelkot, a kansa fenti ke zama. Ɓawon nan babu zare a cikinsa, don haka shi ke fara darewa da zarar bambar ta motsa fiye da ƙima. Tsakanin faiba da robar kamfani akwai abin da ke tsakanin ƙwarya da bokitin roba: ƙwarya tana da ƙwari, ba ta da nauyi, tana ɗinkuwa in ta fashe, amma ba a zama a kanta, ba a kuma matsa ta don ta shiga inda bai ishe ta ba.

Masu ƙera motoci sun daɗe da sanin wannan. Chevrolet Corvette ta Amurka tun fitowarta a 1953 jikinta na faiba ne. Amma da aka kafa doka a can cewa daga motocin 1973 dole bambar gaba ta jure karon mil 5 a awa, kimanin kilomita 8, ba tare da fitilu da sauran kayan tsaro sun lalace ba, kamfanin bai yi hancin motar da faiba ba. Ƙarfe ya sa, ya lulluɓe shi da roba mai laushi, a gaba a 1973, a baya a 1974. Motar da ta yi suna da faiba ke nan, amma a daidai inda ake sa ran gogayya sai aka kauce mata. Wanda ya ɗaura bambar faiba ya ɗauki abin da ba ya son duka ya ajiye shi a inda duka ya fi yawa. Ba haramun ba ne, sai dai duk wata dabarar kariya daga nan za ta faro.

Abin da aka gani da aka kwance ta

Mun kai motar wurin wani dattijo da ya daɗe yana aikin faiba, daga tankunan ruwa har jikin motoci. Bai yarda ya faɗi komai ba sai da aka kwance bambar aka kifa ta a ƙasa.

Tsaga ta farko tana kusurwar dama, inda bamba ke haɗuwa da fenda, kuma daga ramin sukuru ta taso. Labarinta a fili yake. An yi wa bambar fenti kafin a gwada ta a jikin mota. Da aka zo ɗauri sai aka ga kusurwar ta ƙi zama, akwai tazarar kamar kaurin yatsa tsakaninta da fenda. Tun da fenti ya riga ya hau, ba wanda ya so ya sa mata samfefa. Mai ɗaurin ya danna da gwiwa, yaronsa ya murɗa sukuru mai cin kansa har kusurwar ta kwanta. A ido aiki ya yi kyau. Amma tun daga wannan sa'a bambar tana ja, sukurun yana ja, kuma duk ramin da motar ta faɗa a titi sai ya ƙara wa wannan jayayya. Sukuru mai cin kansa kuma yana tsinka zaren gilashin da ke bakin rami, wato da kansa yake buɗe wa tsaga hanya.

Rashin zama daidai ba baƙon abu ba ne a bambar faiba, kuma ba lallai ha'inci ba ne. Mol ɗin kansa galibi daga jikin wata bamba aka kwafo shi. Rezin yana ɗan tsukewa in yana daskarewa. In aka yi gaggawar ciro ta daga mol, ko aka jingine ta a rana a karkace tun ba ta gama ƙwari ba, sai ta ɗauki wannan karkatar. Shi ya sa ko waɗanda ake shigowa da su daga waje ba a ɗaura su kai tsaye, sai an gwada, an gurza, an sake gwadawa.

Tsaga ta biyu sirara ce, ba ɗaya ba, sun bazu daga wuri guda a tsakiya, kusa da lambar mota. Nan ne muka ga abin da ya fi tayar mini da hankali a duk lamarin. Bayan kowace bambar kamfani akwai ƙaton ƙarfe da ya gitta daga ƙafar shasi zuwa ɗaya ƙafar, a gabansa kuma akwai wani soso mai tauri. Abin da muke gani daga waje riga ce kawai. Wannan ƙarfen shi ne bamba ta gaskiya. A motar ɗan yayata babu soson, babu ƙarfen. Bambar faibar ta ƙi hawa kansu, sai mai ɗaurin ya kwance su ya jefa a gefen gareji, bai kuma gaya wa mai motar ba. Watanni ana yawo da yara a motar da ba abin da ke tsakanin lagireto da bayan tirela sai faiba mai kaurin da bai kai rabin santimita ba. Ƙarfen nan shi ke karɓar karo ya raba shi ga shasi, shi ke tsare lagireto da kondensar esi, kuma na'urorin da ke tayar da jakar iska an auna su ne da shi a wurinsa. Duk wanda zai sa bambar da ba ta kamfani ba, in zai tsaya a kan abu ɗaya, ya tsaya a kan wannan: ya ga ƙarfen da idonsa kafin a rufe.

Ita tsagar, ranar da batir ya mutu aka same ta. Mutanen unguwa suka zo taimako, suka dafa gaban motar suka tura ta baya. Da akwai soso da ƙarfe a ciki da sun tokare. Da babu, tsakiyar bambar ta loɓa ciki ta dawo, jelkot ya dare. Ban da haka, an yar da robar ƙarƙashin inji, wadda ke riƙe leɓen bamba daga ƙasa. A kan hanyar Zariya, in mota ta ɗauki gudu, iska na kaɗa leɓen da ba abin da ya riƙe shi, kuma irin wannan karkarwa a hankali take cin faiba.

Tsaga ta uku ita ce mafi girma, a ƙarƙashin leɓe. Wurin ya gurje har zare ya fito fari, sannan ya rabe. Dattijon ya shafa wurin ya tambayi ɗan yayata ko ƙofar gidansa tana da hawa. Tana da shi.

Abin da mai motar ya so a yi

"Baba, ni dai a yi mata abin da ba za ta sake fashewa ba," in ji shi. Ya zo da shawarwari uku da ya tsinto wajen abokai da intanet: a manna mata ledar kare fenti, a shafa mata ruwan siramik, ko a yi mata gadin ƙarfe a gaba.

"Samari," in ji dattijon, "duk abin da ka lissafa a waje yake. Ciwon a ciki yake."

Gaskiyarsa ce. Ledar kare fenti abu ne mai kyau, roba ce mai haske da kaurinta galibi kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita ne, tana tare tsakuwar da taya ke harbowa da ƙananan ƙarce. Ba ta hana abin da ke ƙarƙashinta tsagewa. Ruwan siramik ma ya fi ta rauni ta wannan fuska, amfaninsa sheƙi da sauƙin wanki. Gadin ƙarfe kuwa ni na fi kowa ƙin sa. Yana kai bugun kai tsaye ga shasi, ƙaramin karon da zai tsaya a bamba sai ya koma gyaran ƙashin mota. Yana iya rikita lokacin tashin jakar iska. Kuma in tsautsayi ya sa aka bugi mai tafiya a ƙasa, yaro ko babba, ƙarfen ne zai same shi. Saboda irin waɗannan dalilai ne gwamnatin Indiya ta umarci jihohinta su hana shi a ƙarshen 2017. A kare fenti da ƙafar mutum ba ciniki ba ne.

Gyaran

Dattijon ya fara da huda ɗan ƙaramin rami a ƙarshen kowace tsaga, don ta tsaya nan kada ta ci gaba. Sannan ya gurza bakin tsagar ta ciki da ta waje ya yi mata gangare mai faɗi, ya goge da asiton, ruwan da ke cire maiƙo da datti. Daga ciki ya shimfiɗa tabarmar zare hawa uku, kowane hawa girmansa daban da na ƙarƙashinsa don kada gefensu ya taru a layi ɗaya, yana danna kowanne da burushi har iska ta fita. Ya nanata abin da yawancin masu koyo ba su yarda da shi ba: ƙarfin faiba a zare yake, ba a ruwa ba. Wanda ya malala rezin da yawa yana ganin ya yi aiki mai kauri, alhali abin da ya yi mai saurin fashewa ne.

Haka ma maganin daskarwa. Ƙa'idarsa kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na rezin. A zafin Kano rezin na kamawa da wuri, don haka da safe yake aiki, yana dama kaɗan-kaɗan, yana tsayawa a ƙasan ma'aunin. Mai gaggawa yakan zuba da yawa don ya sallami mai mota kafin azahar. Rezin ya yi zafi, ya daskare nan take, ya fito da gautsi.

Siraran tsagar tsakiya ba a rufe su da fila ba, wato ƙullun da masu gyaran bodi ke cike loɓa da shi. An kankare jelkot ɗin wurin gaba ɗaya har aka kai ga zare, domin in aka bar ko ɗaya a ƙarƙashin fenti, bayan 'yan watanni za ta sake bayyana a daidai inda take. Fila kuma shafa ce ta daidaita fuska, ba gini ba. Na sha ganin bambar da rabin nauyinta fila ne, irin wadda rami ɗaya ke zubar wa da ɓawo.

Bayan haka ya bar ta a rana 'yan kwanaki, a zaune daidai a kan katako, kafin a yi zancen fenti. Rana tana ƙarasa daskarar da rezin, tana kuma fito da kumfar iskar da ta ɓuya a ƙarƙashin jelkot. Ya bi ta da kwabo yana ƙwanƙwasawa; inda sautin ya mutu akwai rami a ciki, sai ya fasa ya cike. Ga baƙar mota wannan ba abin wasa ba ne, domin baƙin fenti a ranar Afrilu yana zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kai, kuma faibar da ba ta gama nuna ba za ta tsuke a ƙarƙashinsa har zanen zaren ya fito a fuskar fenti.

Akwai abin da ba zan iya wucewa ban faɗa ba. Yaran da ke gurza faiba a garejinmu yawancinsu ba su da takunkumi, ba su da tabarau, ƙurar gilashi tana bin hannayensu da huhunsu, warin rezin yana cika musu kai. Maganin daskarwar nan ɗigo ɗaya a ido yana iya makantar da mutum. Mai mota da ya iya biyan kuɗin fenti zai iya sayen takunkumi da tabarau ya miƙa wa yaron da ke yi masa aiki. Mun yi haka, kuma bai kai kuɗin man kwana ɗaya ba.

Ɗaurin, wanda shi ne ainihin kariyar

An yi sa'a ƙarfen yana nan a garejin farko, ba a kai ga sayar da shi ga 'yan gwangwan ba. Aka mayar da shi. Inda cikin bambar ke tokarar sa, bambar aka yanke aka sake ginawa, ba ƙarfen ba. Aka samo soson tokumbo aka fere shi har ya cike tsakaninsu, ta yadda in aka dafa gaban motar akwai abin da ya tokare.

Ƙa'idar dattijon a wajen gwaji mai sauƙi ce. A ɗora bambar a wurinta babu noti ko ɗaya, mutum biyu suna tallafe da ita. In ta zauna da kanta, to. In sai an danna, a sauke a gurza. An hau an sauka har ta zauna, kuma duk wannan kafin a shafa mata ko firaima, shafin farko da ake yi kafin fenti.

An huda ramukan noti sun ɗan fi notin faɗi, don bambar ta sami wurin motsi in mota ta girgiza ko zafi ya buɗa ta. Kowane rami an ƙara masa hawa biyu na zare daga ciki. Aka sa washar roba gaba da baya, sannan faffaɗar washar ƙarfe, sannan noti mai roba a ciki wanda ba ya kwancewa da kansa, aka ɗaure daidai riƙo ba tare da an murƙushe robar ba. Babu sukuru mai cin kansa ko ɗaya. Daga ƙarfen ciki aka sauko da biraket biyu su tallafi leɓen, don nauyin bambar ya daina rataya a kusurwoyi. Da gangan aka yi su da siririn ƙarfe: in wani abu ya bugi leɓen, gara biraket ya lanƙwashe da a ce ya tsaya ƙyam ya huda faibar. Aka kuma sayo robar ƙarƙashin inji aka haɗa ta da leɓen.

A ƙasan leɓen, inda ke gogar ƙasa, an yanko filaye daga jikin shuɗin duro na roba, faɗin yatsu uku, aka ɗaura su a jere da notin da kansa ya nutse. Robar duron nan tana da santsi da juriya, tana zamewa a kan siminti maimakon ta kama. Ita za ta ci gurzar, in ta cinye a sauya ta da kuɗi kaɗan. A ƙasashen waje ana sayar da irin wannan a shirye, da roba mai kama da ita. Wasu sukan sa falan ƙarfe a wurin, amma ƙarfe in ya kama bakin siminti ba ya saki, yakan fizgo leɓen gaba ɗaya.

Ƙofar gida

Nan ne lissafi ya shigo, kuma lissafin da kowa zai iya yi da tef ne. Daga inda tayar gaba ta taɓa ƙasa zuwa bakin leɓen kusan santimita 90 ne. Bambar asali tana sama da ƙasa da kusan santimita 18. Wato motar tana iya fuskantar hawan da ke tashi santimita 1 a kowace 5. Leɓen faibar ya sauko zuwa kusan 12, wato 1 cikin 7 da rabi. Hawan ƙofar gidan kuwa, wanda aka yi a kan kwata, yana tashi santimita 30 a cikin mita ɗaya da rabi: 1 cikin 5 daidai. Bambar asali da ƙyar take wucewa, ta faiba kuwa ba yadda za a yi ta wuce. Kullum safe da yamma sai ta gurza, wajen fita da wajen shiga, kuma mai motar yana jin ƙarar har ya saba da ita.

Ba a iya rage tsayin dokin ƙofar ba, domin don ruwan Agusta aka ɗaga shi, kuma duk mazaunin Kano ya san abin da ke faruwa in kwata ta cika. Ba a kuma iya jan hawan can cikin layi ba, hanyar jama'a ce. Sai aka raba nauyin. Dattijon ya rage leɓen, aka sauya shokozoba da sifirin na gaba da suka gaji suka sa hancin motar ya dushe, leɓen ya koma kusan santimita 15, wato 1 cikin 6. Hawan kuma, bayan an yi magana da maƙwabta da mai unguwa, aka ƙara masa rabin mita ba tare da an toshe bakin kwatar ba, ya zama santimita 30 cikin mita 2, kusan 1 cikin 7. Yanzu tana wucewa, da ɗan rara. Buhun siminti da yashi da ladan birkila su ne abin da ya fi kare bambar nan a duk kuɗin da aka kashe.

Tuƙi da mu'amala

Sauran abin hali ne. Tudun rage gudu da mutanen unguwa ke yi da kansu ba shi da ma'auni, wani ya fi wani tsini. Kuskuren da direbobi ke yi shi ne taka burki a kan tudun. Burki yana sa hancin mota ya sunkuya, a daidai lokacin da ake so ya ɗaga. A rage gudu tun daga nesa, a saki burki kafin taya ta hau. Hawa mai tsini ana shigarsa a karkace, taya ɗaya ta fara hawa ta ɗaga gaban motar kafin leɓen ya iso. In titi ya cika da ruwa, dogon leɓe yana kwasar ruwan, kuma ruwa da gudu nauyi ne. A bi a hankali ko a sake hanya. Wajen fakin ya koyi shiga da baya, don kada leɓen ya hau bakin dakali ko kwalbati, domin sau da yawa ba wajen hawan ake fasa shi ba, wajen ja da baya ne, in ya maƙale.

Akwai kuma mutane. Mai wankin mota da ke taka bamba don ya kai tsakiyar gilashi, bakaniken da ke jingina gwiwa yana duba inji, yaran da ke zama a gaban mota da yamma. Babu mai mugun nufi a cikinsu, da roba suka saba. Faɗa musu ake yi, da kyakkyawan lafazi, kuma suna ji. In mota ta mutu, a tura ta daga ginshiƙin ƙofa. In za a ja ta, igiya a ƙugiyar da kamfani ya tanada, a tabbata ba za ta goga leɓen ba in ta miƙe. In janwe ne mai ɗauka a baya, a sa katako a rage tsinin hawan.

Ledar kare fentin ma daga baya an sa ta, a fuskar leɓen kawai, bayan an bar sabon fentin ya yi kamar wata guda yana shan iska. A wurinta tana da amfani: tsakuwar titin da ake gyara ba ta ƙara fasa fentin ba.

Inda aka kwana

Ɗan adaidaita sahun da ake tsoro ya zo daga baya. A gosulo ya shafi kusurwar hagu, ta tsage kamar faɗin tafin hannu. Tsagar ba ta gudu ba, notin kusurwar bai yage raminsa ba, fenda da fitila ba abin da ya same su. Aka ɗinke daga ciki, aka fesa kusurwar. Da robar kamfani ce, mai yiwuwa da ƙarce kawai za a gani. Wannan shi ne iyakar abin da kariya za ta iya: ba ta mayar da faiba roba, tana dai sa ɓarnar ta tsaya inda aka buga.

"Kawu, da na sani da tokumbon na saya," ya ce mini ranar da ya haɗa lissafi. In aka tara kuɗin bambar, fenti sau biyu, gyara, soso da robar ƙasa, sun haura kuɗin ta asalin da ya guda. Ra'ayina shi ne, mai mota ɗaya da ke bin titunan cikin gari kullum, in zai samu ta kamfani a Ƙofar Ruwa ko Panteka ta Kaduna ko Ladipo ta Legas, ya daure ya saya. Amma ba na cikin masu cewa faiba shara ce. Akwai tsofaffin motocin da bambarsu ta ɓace a kasuwa, faiba ce kaɗai ke rufa musu asiri. Tana gyaruwa sau da yawa, a hannun mutanenmu, da kayan da ake samu a gari. Kuma wanda yake son ado a motarsa yana da haƙƙin son abinsa, matuƙar ƙarfen ciki yana nan.

Da farko ya yi niyyar sayen ta baya ma don su zama saiti. Ya fasa. Tun da yanzu da baya yake shiga fakin, bayan motar ne ke haɗuwa da dakali da bango, ga kuma zafin salansa a kusa. Bambar baya ta robar kamfani ce, a nan aka bar ta.